Akwatin ƙara muryar makirfo: a ina ribar take?

Wani mai gyaran rediyo a Kasuwar Dole, nan Damagaram, ya aiko da tambaya. Ya koyi haɗa ɗan akwatin da ke ƙara ƙarfin muryar makirfo kafin ta shiga ampli (na'urar da ke tura murya zuwa lasifika), da ƙwayar nan da ake kira op-amp. Yana da jika 50 na sefa, yana so ya haɗa guda 20 ya baje a teburinsa.

Malam, kada ka yi 20. Fara da uku.

Ƙwayar ba ita ke cin kuɗi ba. Ƙwaya samfurin NE5532 ko TL072, da rezistans (ƴan kayan da ke rage gudun wuta) na 100k da na 1k, sun isa su ninka muryar kusan sau ɗari. Kuɗinka a akwati za su tafi, da jak (kan waya da ramin da ake cusa shi), da waya mai rigar kariya, da wunin da ka ɓata kana liƙi da dalma. Nan ne masu farawa ke yin rowa, su sa ƙwayar LM358 don arha, su zuba kayan a akwatin roba. Ladan ya ɗauki makirfo da asuba, sai gunjin wutar lantarki da "shiii" su riga shi fita ta lasifika, duk unguwa ta ji, kuma kowa ya san wa ya haɗa. Sa akwatin ƙarfe, ka ɗora ƙwayar a kan soket, in ta ƙone ka zare ta da hannu ka sa wata.

Sannan ka tuna, yawancin amplin masallatai suna da ramin makirfo tun daga kamfani, ga ƙananan mikisa (na'urar haɗa sauti) na Sin cike da kasuwa. Wa zai tsaya a tebur ya sayi akwati marar suna? Abin sayarwarka shi ne ka je masallacin a unguwar Birni ko Zango, ka saurara da kunnenka, ka gano ko waya ce ta tsinke ko muryar ce ta yi rauni, ka gyara, ka karɓi kuɗin aiki. Akwatin ya biyo baya in an buƙace shi, bayan an ba ka kafin alƙalami.

In daga Sabon Garin Kano kake sarin kaya, da naira ka saya, da sefa za ka sayar. Yanke farashi bisa abin da za ka kashe a sari na gaba, har da kuɗin mota. Sauran jikunan ka sayi waya da jak masu kyau, su ne ke lalacewa kullum.