Ƙanena na taka leda a Beljiyam, ta ina zai shiga aikin koci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana buga wa wata ƙaramar ƙungiya wasa a Beljiyam. Shekararsa 31, gwiwa kuma ta fara damunsa. Yana son zama koci. Ya dawo gida Sakkwato ya fara, ko ya tsaya can? Daga wani mai karatu a Runjin Sambo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaya masa ya yi rajistar kwas ɗin koci yanzu, tun kwantiraginsa bai ƙare ba. Tun ran gini, ran zane. Sau da yawa takardar zaman ɗan wasan da ya fito daga Afirka tana rataye ne da kwantiragin ƙungiyarsa. Ranar da aka sallame shi, zaman ma ya shiga rawa, kuma hukumar ƙwallon ƙasar da mutum yake zaune ita ce ke shirya kwas ɗin.

Lasisin hukumar ƙwallon Turai, UEFA, hawa-hawa ne. Na C aƙalla awa 60 ne, na B awa 120, na A awa 180, sai na Pro awa 360, wanda shi ake nema wurin babban koci a manyan gasannin Turai. Ba a tsallake. Bayan B sai mutum ya yi shekara guda yana horarwa kafin a karɓe shi a A, haka ma daga A zuwa Pro. Akwai rangwame ga wanda ya yi shekara 7 yana wasa a babban rukuni, inda ake haɗa masa B da A a kwas ɗaya, amma in ƙungiyar ƙanenka a ƙaramin rukuni take kada ya sa rai. Lasisin kuma shekara 3 yake yi, sai an koma aji an sabunta.

Inda aka fi faɗuwa shi ne jarrabawar fili. Za a ba shi yara da ƙwallaye, a ce ya koya musu abu guda, misali yadda 'yan baya huɗu ke matsawa tare idan ƙwallo ta koma gefe. Tsohon ɗan wasa sai ya karɓi ƙwallo ya nuna gwaninta, alhali mai jarrabawa so yake ya ga an tsayar da wasa a daidai lokacin da kuskure ya faru, an faɗi gyaran a taƙaice, an ci gaba. Wannan kuwa sai da harshe, Faransanci ko yaren Holan, gwargwadon yankin da yake. Ya roƙi ƙungiyarsa ta ba shi 'yan ƙasa da shekara 13 ya riƙa tsayawa a kansu da yamma.

Suna kaɗai ba ya ɗora mutum a kujera. Daniel Amokachi ɗan Kaduna ya buga wa Club Brugge ta Beljiyam, ya ci kofin FA da Everton a 1995, gwiwa ta katse masa wasa da wuri. Duk da haka mataimaki ya zama wa Stephen Keshi lokacin da Najeriya ta ci kofin Afirka a 2013, kuma da ya samu aiki a Turai a 2016, ƙaramar ƙungiya ce a Finland, JS Hercules. Keshin kansa, tsohon ɗan wasan Anderlecht, sai da ya yi mataimaki a gida kafin ya kai Togo ga samun gurbin gasar kofin duniya ta 2006.

In gida yake son zama a ƙarshe, ya zo da B a hannu, sannan ya bi ta hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, ya nemi lasisin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, domin CAF A ake buƙata wurin kocin da zai jagoranci ƙungiya a gasar nahiyar Afirka. Idan ya zo hutu, ya leƙa filin wasa na Giginya ya nemi a ba shi matasa ya gwada hannunsa, ya kuma karɓi shaidar hakan a rubuce.