Tambaya da Amsa: Gwiwar ƙanena tana zamewa, zai iya komawa fili?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena mai shekara 19 yana buga ƙwallo a nan Agege. Watan jiya gwiwarsa ta murɗe, ya ji ta yi ƙas, kafin dare ta kumbura. Mun kai shi wurin mai ɗori, kumburin ya sauka, amma da ya juya da sauri sai ƙafar ta zame masa. Yanzu ya dage sai ya koma atisaye, wai ai Ronaldo da Osimhen ma sun ji rauni sun dawo har an karrama su. Ina mafita?
Daga wani mai karatu, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya. Tunda ya kafa hujja da waɗannan biyun, a ba shi labarinsu cikakke.

Ronaldo na Brazil ya ji rauni a gwiwa a Nuwamba 1999 yana Inter. Ya dawo ranar 12 ga Afrilu 2000 a wasa da Lazio, bai yi minti goma ba jijiyar ƙoƙon gwiwar ta tsinke gaba ɗaya. Kakar 2000/2001 ta wuce bai taka leda ba. Sai bayan wannan doguwar jinya ya ci ƙwallo 8 a Kofin Duniya na 2002, aka ba shi kyautar Laureus ta wanda ya farfaɗo a 2003.

Osimhen, ɗan Olusosun a nan Legas, nasa daban ne. A Nuwamba 2021 ya karye a ƙashin kunci da kwarmin ido, aka ɗaure masa su da ƙananan ƙarafa 6 da kusoshi 18. Cikin kimanin wata biyu ya dawo da abin kare fuska, a 2023 kuma ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka. Amma wannan ƙashi ne, ƙashi kuwa yana haɗewa.

Alamomin da ka lissafa, wato ƙarar nan, kumburin gaggawa da zamewar ƙafa, sun yi kama da tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke kira ACL. Ita ke hana ƙwauri gocewa gaba, kuma ba kasafai take haɗewa da kanta ba. Ɗori ba ya kai gare ta, hoton ƙashi ma ba ya nuna ta, sai hoton MRI mai nuna jijiyoyi. Ku kai shi Asibitin Ƙashi na Igbobi likita ya gwada gwiwar da hannu tukuna. Kada ku yi jinkiri, don duk zamewa ɗaya tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, abin da ke jawo ciwon gaɓa tun da ƙuruciya.

Idan aka yanke shawarar tiyata, akan jira kumburi ya tafi, ƙafar ta miƙe sosai. Sannan a ɗebo jijiya daga bayan cinyarsa ko gaban gwiwa a dasa a gurbin tsohuwar. Aikin gaske yana wajen masu gashin ƙashi: makonnin farko miƙe ƙafa da farfaɗo da tsokar cinya, gudu a miƙe wajen wata na uku ko na huɗu, juyi da tsalle sai can gaba. A nan matasa ke yaudaruwa, domin ciwo yana ɗaukewa tun sabuwar jijiyar ba ta yi ƙwari ba. Wata tara shi ne mafi ƙaranci kafin wasa, kuma sai ƙarfin cinyar ya kai kashi 90 cikin 100 na mai lafiyar. Ɗan wasa Van Dijk, duk da likitocin Liverpool, ya ji irin wannan raunin a Oktoba 2020 bai buga gasa ba sai Agusta 2021.

Kafin ku ga likita, a ɓoye masa takalmin ƙwallo. In ta sake kumbura, a naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar kan matashi, kuma kada a murza ta da ruwan zafi.