Amsa: Me ke durƙusar da kamfanin da ya taɓa yin tashe?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa kamfanin da ya kafu, da shugaban da ake yi wa kirari, sukan wayi gari sun karye. A ganina babban dalili shi ne nasarar jiya takan toshe kunnen mai ita, har ya daina sauraron kasuwa. A kamfanin Kodak aka fara ƙera kyamarar dijital a 1975, amma tsoron mutuwar cinikin fim ɗin ɗaukar hoto ya hana su rungumarta da wuri, kuma a 2012 suka bayyana karyewarsu a Amurka. Wanda ya san kasuwar wayoyi ta Computer Village da ke Ikeja a Legas shekaru ashirin da suka wuce ya san yadda Nokia ta cika kowane shago, amma da wayoyin zamani suka shigo sai ta yi nauyin jiki, har ta sayar wa Microsoft sashen wayoyinta a 2014.

Sai kuma bashi, da rashin mai iya ce wa shugaba a'a. A watan Agustan 2009 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar saboda tarin basussukan da ba a biya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne namu na gida. Na san wani dattijo a kasuwar Mile 12 ta Legas da yake sauke tirelar albasa uku a mako, amma lissafinsa duka a kansa yake, babu littafi, kuma bai raba uwar kuɗi da kuɗin cefane ba. Da ya kwanta jinya wata huɗu, 'ya'yansa ba su ma san waɗanda yake bi bashi ba, yau rumfar tana hannun wani.