Amsa: gilashin ido mai gani nesa da kusa ga mai hawan jinin ido

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za a yi wa Baba aikin yanar ido kuma yana da glakoma, wato hawan jinin ido, kana tambaya ko a dasa masa a cikin ido gilashin nan mai gani nesa da kusa irin PanOptix don ya huta da tabarau.

Gaskiya ni dai ban ba da shawara ba, in dai ciwon ya riga ya taɓa jijiyar idon sosai. Shi wannan gilashin raba hasken yake yi, wani na nesa wani na kusa, to gani ya kan ɗan dushe, ga zobe-zoben haske kewaye da fitilun mota da dare, ita kuma glakoma dama abin da take ci kenan, mutum ya kasa bambance bakin matakala da ƙasa da magariba. Ka ga an haɗa rauni biyu. Kuma ciwon yana iya ƙaruwa nan da shekaru, gilashin kuwa yana ciki daram, cire shi wani aikin ne.

In ciwon kaɗan ne kuma magani ya riƙe shi, wasu likitoci suna yarda da irin Vivity, wani gilashin dasawa ne da ba ya raba hasken kamar PanOptix. In ba haka ba a sa masa na nesa kawai, tabaran karatu ai ba tsada.

Ku tambayi likita sakamakon gwajin faɗin gani da hoton jijiya tukun. Kuma kar Baba ya bar ɗiga maganinsa bayan aiki sai likita ya ce, cire yanar ido ba ya dawo da jijiyar da ta mutu. Allah ya ba shi lafiya.