Aikin gonar shanu a Niyu Zilan

Malam, ka tambaya ko ɗanka da ya taso a Kano zai iya aikin gonar shanu a Niyu Zilan, da kuma ko akwai wurin yawon daji a can. Zai iya, amma ya shirya wa sanyi. Hunturunsu Yuni zuwa Agusta ne, kuma daga Yuli shanu ke fara haihuwa. Tun asuba yana rumfar tatsa, takalmin roba duk taɓo, yana maƙala wa saniya inji a hantsa. Da yamma a sake.

Yawon daji kam akwai. Hanyar Tongariro, wadda ake bi a ƙafa, kusan kilomita 20 ce tsakanin duwatsu masu aman wuta; in aka kwatanta da ita, hawan Dala wasan yara ne.

Biza kuwa sai mai gonar da gwamnatinsu ta amince da shi ya ɗauke shi aiki. Kada ku ba ɗan kamasho ko sisi.