Tambayoyinku kan manhajojin azumin sa'o'i da ƙidayar kalori

Saƙonnin wannan makon kusan duk wuri guda suka nufa: rage ƙiba, da irin taimakon da waya za ta iya yi. Na tsamo biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina so in fara azumin nan na sa'o'i 16 da ake yi don rage ƙiba, in kuma riƙa lissafa abin da nake ci. Na shiga Play Store na tarar da manhajoji ba iyaka, kowacce na cewa ita ce gwana. Wacce zan sauke?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Aiki biyu kika haɗa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na farko ƙirga sa'o'i. A tsarin 16:8, idan kika gama cin abincin dare da ƙarfe 8, ba za ki sake ci ba sai 12 na ranar gobe, amma a tsakani za ki sha ruwa, ko shayi da kofi marasa sukari da madara. Manhajoji irin su Zero da Fastic abin da suke yi ke nan, agogo ne mai ƙirga miki lokaci, kuma ƙararrawar da ta zo da wayarki za ta iya wannan aikin kyauta. Wasu manhajojin kan nuna zane suna cewa "yanzu jikinki ya fara ƙona kitse". Kada ki ɗauke shi da zafi. Wayar ba ta auna jininki ba, sa'o'in kawai ta duba ta yi hasashe.

Na biyun, wato ƙidayar kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), shi ne mai wuya, shi ne kuma ya cancanci manhaja. MyFitnessPal tana da rumbun abinci mai girman gaske, sai dai da yawa daga cikinsa jama'a ne suka shigar da hannunsu, don haka za ki ga abinci ɗaya da lambobi biyar mabambanta. Tun Oktoban 2022 kuma, ɗaukar lambar jikin kwali da kyamara ya koma na masu biyan kuɗi. Cronometer ta fi dogara da alƙaluman da aka auna a ɗakin gwaji, irin na Ma'aikatar Noma ta Amurka, shi ya sa ni ita nake fara nuna wa mutum.

Dalilin da na fi ba ƙidayar muhimmanci shi ne wani bincike da aka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, aka buga a 2022. Mutum 139 aka raba gida biyu na tsawon shekara guda. Duka an rage musu kalori, amma rabi an ce su ci tsakanin 8 na safe da 4 na yamma kawai. Kowane ɓangare ya rage nauyi, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ta kai a ce tsarin sa'o'in ne ya kawo ta ba. Azumin yana taimakon wasu su rage ci ba tare da wahala ba, a nan amfaninsa yake.

Tambaya: Malam, wata guda ke nan ina rubuta komai a manhaja. Tana nuna min kalori 1,600 a rana, amma sikeli ya ƙi motsi. Ko manhajar ce ke min ƙarya?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya. Manhajar tara lambobi kawai take yi, abin da ka ba ta shi za ta mayar maka. Ba a nan gizo ke saƙa ba, a wajen shigarwa yake.

Ɗauki shinkafa. Giram 100 na ɗanya yana da kalori wajen 360, giram 100 na dafaffiya kuwa wajen 130, saboda ta sha ruwa ta kumbura. Idan ka auna ɗanya sannan ka danna layin dafaffiya a manhaja, ka ɓatar da fiye da rabin lissafin a taɓawa ɗaya, kuma allon ba zai nuna maka ja ba. Haka taliya, haka wake. Nama kuma akasin haka ne, yana raguwa idan ya dahu. Kafin ka danna, karanta ƙarshen sunan ka ga ɗanye aka rubuta ko dafaffe.

Sai mai, wanda shi ne ya fi kayar da mutane. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, alhali na sitaci ko furotin 4 ne. Babban cokali ɗaya ya kai 120. Mutum zai rubuta "ƙwai biyu" ya manta da man da aka soya su a ciki, ko ya tsiyaya daga kwalba da ido ya ce cokali ɗaya ne, alhali uku ne. Abin sha ma haka: lemon kwalba, sukarin shayi, madara. Duk abin da ba a tauna ba, hannu yakan manta da rubuta shi.

Duba bayan kwali ma da kyau. Yawanci akwai layi biyu, ɗaya na giram 100, ɗaya na kason da kamfani ya ce mutum zai ci a zama guda, kuma kason nan sau da yawa bai kai abin da muke ci ba. Akwai kuma ma'aunin kuzari iri biyu, kJ da kcal. Wanda manhaja ke kira kalori shi ne kcal, kuma kcal ɗaya ya ɗan haura kJ 4, to kada ka haɗa su.

Wannan ba rashin gaskiya ba ne daga gare ka, haka ɗan Adam yake. A 1992 an yi bincike a New York kan mutanen da suka ce suna cin kaɗan amma nauyi ya ƙi sauka. Da aka auna, sai aka ga abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100.

Maganin ba sabuwar manhaja ba ce, ƙaramin sikelin kicin ne mai batir. Ɗora faranti, danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, zuba abinci, rubuta giram ɗin. Sake danna sifili, zuba na gaba. Ga mai, ɗora kwalbar gaba ɗaya, mayar da sifili, tsiyaya, mayar da kwalbar, lambar da ta ragu ita ce abin da ya shiga tukunya. Abincin da ake dafawa a gida, shigar da kayan haɗinsa sau ɗaya a sashen girki na manhajar, ta raba maka. Sati biyu na wannan ya isa idonka ya koyi awo.

Nauyinka kuma kada ka yanke hukunci da awon rana ɗaya. Gishiri, ruwa da abin da ke ciki suna iya sa shi hawa ko sauka da kilo guda cikin kwana ɗaya. Hau sikeli da safe kafin ka ci komai, ka kwatanta matsakaicin wannan sati da na wancan. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne saurin da ake so.

Tambaya: Agogon hannuna ya ce na ƙona kalori 600 a tafiya, manhaja ta ƙara min su a kan abin da zan ci. In ci?

Amsa: A'a, ko aƙalla ba duka ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan agoguna guda bakwai. Bugun zuciya yawancinsu sun auna shi da kyau, amma a kalori, wanda ya fi kowanne ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe da kashi 93. An samu ci gaba tun lokacin, amma har yau hasashe agogon yake yi daga motsin hannu da bugun zuciya. Shiga saitin manhajar ka kashe wurin da yake ƙara kalorin motsa jiki a kan kasonka na rana. Ka bar agogon ya ƙirga maka taku, a nan ya ƙware.

Tambaya: Na goge wata manhajar azumi tun watan jiya, amma har yanzu ana cire min kuɗi. Yaya zan yi?

Amsa: Goge manhaja ba ya soke rajista. A Android, buɗe Play Store, taɓa hotonki a sama, shiga sashen biyan kuɗi da rajista, zaɓi manhajar ki soke. A iPhone, shiga saiti, taɓa sunanki, rajistocin suna nan. Idan ta shafin kamfanin kika biya kai tsaye, can za ki koma. Ki nemi a goge asusunki ma, domin nauyinki da abin da kike ci bayanan lafiya ne. A 2018 an yi wa MyFitnessPal kutse, bayanan asusu kimanin miliyan 150 suka fita. Kada ki sa kalmar sirrin imel ɗinki a irin waɗannan manhajoji.

Tambaya: Malam, mahaifina yana da ciwon sukari, yana allurar insulin. Na saukar masa da manhaja, ta tsara masa azumin sa'o'i 18. Ya fara?

Amsa: Don Allah kada ya fara. Manhajar shekaru, tsawo da nauyi ta tambaya ta yi lissafi, ba ta san akwai allura a jikin Baba ba. Mai insulin, ko mai shan wasu ƙwayoyin sukari, idan ya daɗe bai ci ba sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Likitansa ne zai ce ko zai yi, kuma shi zai gyara awon maganin idan ya yarda. Haka mai juna biyu, mai shayarwa, yaro da bai gama girma ba, da wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci, wannan tsarin ba nasu ba ne sai da izinin likita.

Abin da wayar za ta yi wa Baba yanzu shi ne rubutu. Ka kashe agogon azumin, ka riƙa shigar masa da abin da ya ci da lokacin da ya ci, tare da awon sukarinsa, na tsawon sati biyu. Ranar ganin likita ka tafi da wayar ka nuna masa.