Miliyan goma a hannun ɗan yaya: amsa ga mai son buɗe gidan gem

Tambaya: Ina sayar da kayan waya a Kano. Na tara naira miliyan 10, ina so in buɗe gidan gem na kwamfuta a unguwarmu, awa ɗaya naira 1,000. Ɗan yayana da ke karatun kwamfuta ya rubuto min kayan da za a haɗa: kwamfuta biyu masu katin girafik (na'urar da ke sarrafa hoton wasa) RTX 4090, a sa musu manhajar Linux a maimakon Windows tunda kyauta ce. Ya ce cikin wata huɗu kuɗina zai dawo, kuma shi zai je ya sayo. Ina neman shawara kan kayan.

Amsa: Alhaji, kafin mu zo kan kaya, akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Wanda ya rubuta jerin, shi zai sayo, shi zai haɗa, kuma na tabbata shi zai zauna a shagon. Kai ina naka a ciki ban da kuɗi? Ba na zargin yaron da cuta. Amma takardar da ya ba ka ta mai sha'awar wasa ce, wanda ya daɗe yana mafarkin taɓa wannan katin. Kai kuwa haya za ka biya, ka sayi fetur.

Ɗauki biro mu yi lissafi da farashinka. Kwamfuta biyu, awa goma a rana, a ce ba a tashi daga kujera ko na minti ɗaya ba: naira 20,000 ke nan, a wata 600,000. Kafin miliyan 10 ta dawo sai an kusa wata 17, kuma ba mu cire wuta ba, ba mu cire haya da albashin mai tsaro ba, ba mu cire ranakun makaranta da shago zai wuni ba kowa sai bayan la'asar ba. To daga ina wata huɗu ya fito? Kai da ke lissafin ribar caja ɗaya a kwali, yaya aka yi wannan ya wuce ka?

A gidan gem kujera ce ke kawo kuɗi. Lokacin da Nvidia ta fitar da RTX 4090 a 2022, dala 1,599 ta sa masa. RTX 4060 da ya fito a 2023 dala 299 ne. Wato kuɗin kati ɗaya na jerin ɗan yayanka ya sayi biyar na ƙaramin. Yaran da za su zo maka kuwa ƙwallo za su buga, EA FC ko eFootball, wasu Fortnite ko Call of Duty, kuma a monita mai 1080p ƙaramin katin yana ɗaukarsu ba gargada. Babu yaron da zai ƙara maka naira ɗari don katinka na ƙasaita ne.

Ga kuma wuta. Babban katin shi kaɗai yana jan wat 450, ƙaramin 115. Tun Afrilun 2024 masu layin Band A suke biyan sama da naira 200 a kowane yunit, in kuma aka ɗauke, janareta ne zai sha. Duk wutar da kati ya ja zafi take komawa a cikin ɗaki, ka tuna yadda Kano take a watan Afrilu.

Na taɓa ba wani abokin ciniki shawara a irin wannan harka, bai ji ba. Ya tura ƙaninsa Legas da kuɗi, yaro ya dawo da katuna huɗu na hannu, yana murna ya samu araha. A lokacin kasuwa ta cika da katunan da aka yi haƙar kirifto da su dare da rana, waɗanda aka zubar bayan Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da haƙa a Satumban 2022. Da muka buɗe ɗaya, fankar tana karkarwa, ƙura ta daskare a tsakanin ƙarafunan kamar tabo. Biyu suka mutu kafin wata uku. Na ce ina rasit, babu. Ina lambar mai shagon, ta ɓace. Kuma bai iya matsa wa yaron ba, domin magana ta kai gaban mahaifiyarsu. Abin da nake jiye maka ke nan: baƙo za ka iya kai shi ƙara, ɗan yayanka kuwa sai dai ka haɗiye.

Batun Linux gajere ne. Manhaja ce mai kyau, amma Fortnite da Valorant da sababbin EA FC ba sa tashi a kanta saboda tsarinsu na hana maguɗi. Ka sayi Windows 11 mai lasisi. Kada a ruɗe ka da Windows 10, Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Wannan ya shafi firosesa ma, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta: in tsohuwa za ka saya, ta zama Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, domin su Windows 11 ke buƙata.

Da ni ne, kwamfuta huɗu zan fara da su, duk iri ɗaya, don in ɗaya ta lalace a ari kayan wata: Ryzen 5 5600, ram gig 16, SSD, da RTX 4060. Inda ba zan yi rowa ba shi ne akwatin wutar cikin kwamfuta da sitabilaiza da UPS, domin wutarmu ita ke kashe kaya. Ragowar kuɗin ya zauna a asusu na wata shida. Ka kuma zagaya gidajen gem uku na kusa da kai ka ƙirga PlayStation nawa ne, kwamfuta nawa, wanne ake layi a kansa. Wataƙila ka dawo da wani ra'ayin.

Ɗan yayanka ka riƙe shi, yana da amfani. Ka yanka masa ladan haɗawa, in zai tsare shago ka sa masa albashi da littafin shiga da fita da za ka duba kowane dare. Amma sayayya da ƙafarka za ka je. Ka kai jerin wa masu shago uku a Farm Centre, kowa ya ba ka farashinsa a rubuce, a kunna kowane kati a gabanka ya yi wasa na rabin awa, a rubuta lambarsa da kwanakin garanti a rasit mai sunanka.